Jirgin Yaƙi Sayensa Ake Yi, Matuƙi Kuwa Sai An Raine Shi

Duk lokacin da 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Faskari ko Sabuwa, kukan da nake ji ɗaya ne: a ƙaro jirage. Haka aka yi ta kira a Disambar 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara. A 2021 jiragen Super Tucano 12 suka iso daga Amurka. Madalla. Amma ban cika jin ana maganar matuƙa ba.

Japan ta ɗanɗana kuɗarta a kan wannan sakaci. Ta shiga yaƙi da Amurka a 1941 da gwanayen matuƙa masu tashi daga kan jiragen ruwa, ta bar su a fagen daga har suka ƙare, alhali Amurka takan mai da gwanayenta gida su koyar da na baya. A Yunin 1944, a Tekun Filifin, sababbin matuƙan Japan suka yi asarar ɗaruruwan jirage cikin kwana biyu.

Mu ma a 2021 ɗin mun rasa matuƙa a Abuja da Borno da Kaduna. A ganina, kafin a sake cinikin wani jirgi, a duba kasafin makarantun horar da matuƙa na Kaduna da Kano, domin daga can wanda zai kai wa Sabuwa ɗauki zai fito.