Bazata Ba Ita Ce Gwaninta Ba

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo a Boɗinga ya san halin samarin benci na gaba. Kafin a kai rabin fim sun gama yanke hukunci: "Wallahi ita za shi aura, mun san ƙarshe!" Sau da yawa kuma hakan take faruwa. A majalisun matasa a Shagari kuwa wani ƙorafin ake yi, na finafinai masu dogon zango da ake kashe jarumi rana tsaka ba gaira ba dalili, don kawai a tayar da ƙura a Facebook. To, wanne ya fi illa: fim ɗin da aka san ƙarshensa, ko wanda ya zo da bazatar da ba ta da tushe?

A ɗauki Sangaya, na kamfanin Sarauniya. Tun daga farko kowa ya hango cewa soyayyar ɗan sarki (Ali Nuhu) da baiwa Zubaina (Fati Mohammed) ita za ta yi nasara. Wannan bai hana kaset ɗin yin kasuwa ba, bai kuma hana a maimaita kallonsa ba. Abin da ya riƙe mutane shi ne makirci da wulaƙancin da yarinyar ta sha kafin a kai can. Mai shiga mota daga Boɗinga zuwa Shagari ya san inda zai sauka; abin da ya gani a hanya shi yake bayar da labari a kai.

Ba wai bazata ba ta da amfani ba ne. A Sholay (1975), duk lokacin da gardama ta taso, Jai (Amitabh Bachchan) yakan wurga kwabo, kuma kullum shi ke ci. Sai bayan ya mutu Veeru (Dharmendra) ya gano fuskokin kwabon iri ɗaya ne, wato da saninsa ya zaɓi ya tsaya ya mutu a madadin amininsa. Mai kallo zai girgiza, amma da ya waiwaya sai ya ga tun farko aka shuka abin a gabansa. Haka Baahubali: a 2015 aka rufe kashi na ɗaya da Kattappa yana soke ubangidansa, aka bar duniya da tambaya har 2017, kuma amsar ta dace da halin bawan da ya yi rantsuwar biyayya ga gadon sarauta.

Akasin haka ya faru da Game of Thrones a 2019, lokacin da Daenerys ta ƙone birni bayan ya miƙa wuya. 'Yan kallo da dama sun ga an yi gaggawa, har sama da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a intanet suna neman a sake zangon ƙarshe.

Saboda haka marubuta da daraktocinmu su lura. In za a kashe jarumi, a shimfiɗa dalili tun da wuri. In saɓani aka samu da ɗan wasa, kada a huce a kan labari. Yaron da ya biya kuɗin shiga gidan kallo, ko ya ƙona datarsa, ba wawa ba ne. Zai yafe in ya canki ƙarshe, amma in ya gane an raina masa hankali, mako mai zuwa ƙwallo zai je kallo.