Allurar Narkar da Ciko Ba Ta San Na Gida Ba

Duk mai tallar allurar cike leɓe ko kumatu a Instagram da magana ɗaya take kwantar wa mace hankali: in bai yi miki ba, ai sai a narkar. Akwai gaskiya a ciki, amma rabinta ce, kuma wannan rabin shi ke sa mutane miƙa fuskarsu ba fargaba.

Yawancin cikon nan, irin su Restylane da hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi a 2003, da Juvéderm da ya biyo baya a 2006, ana yin su ne da sinadarin hayaluronik. Ba baƙo ba ne a jikinmu. Babban mutum na ɗauke da kimanin giram 15 nasa, wajen rabi a fata, shi ke riƙe ruwa har fuska ta yi laushi da sheƙi. Abin da ake narkar da cikon da shi kuwa hayaluronides ne, wanda likitocin ido suka daɗe suna haɗawa da allurar kashe zafi don ta bazu da sauri. Wani nau'insa ma daga marainan raguna ake tatso shi, abin da ba a cika faɗa wa mai ɗaukar hoton leɓenta ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Wannan ruwa ba ya tambayar wanne ne na kwalba, wanne ne na Allah. Duk wanda ya tarar, ci yake. Likitoci na cewa kada a damu, jiki na sabunta kusan kashi ɗaya cikin uku na nasa kullum, cikin 'yan kwanaki ya mayar da abin da ya rasa. Na yarda. Sai dai macen da ta dubi madubi ta ga ƙasan idonta ya rame, ita ma ba ƙarya take yi ba. Hotunan MRI sun nuna ciko kan zauna shekaru, ba watannin da ake faɗa ba. Duk tsawon lokacin nan fata a miƙe take, kitsen fuska na raguwa, shekaru na tafiya. Ranar da aka janye cikon, fuskar da ta fito ba wadda aka bari ba ce, kamar buhun da aka juye hatsinsa.

Ba ina zagin allurar narkarwar ba ne. Idan ciko ya toshe jijiyar jini, fata na iya mutuwa, wani lokaci har a rasa ido garin neman gira, kuma a wannan hali ita ake rugawa a nema. Amma maganin gaggawa ne mai nasa haɗari, musamman ga wanda jikinsa ba ya jure harbin ƙudan zuma.

'Yar fim Courteney Cox ta faɗa a 2017 cewa ta narkar da nata. Wadda aka yi wa a ɗakin kwalliya da kwalba marar suna fa? Idan silikon ne, ko Sculptra, hayaluronides ba ya taɓa su ko kaɗan. Silikon in ya zauna ya yi ƙulli, wuƙar likitan tiyata ce kawai ke fitar da shi, ita ma ba duka ba.