Kyanwar da idonta ba ya daina hawaye, likita take buƙata ba kwalli ba

A Bacirawa, cikin ƙaramar hukumar Ungogo, da ƙauyukan da ke kewaye, ba abin mamaki ba ne yara su tsinto ɗan kyanwa a bayan rumbu, uwarsa ta mutu ko ta ɓace, uwargida ta karɓa tana ba shi madara a murfin kwano. Sai a wayi gari ido ɗaya ya cika da kwantsa, yana ta hawaye, ɗan kyanwar yana runtse shi. Daga nan sai magani ya tashi: wannan ta ce kwalli, waccan ta ce ruwan gishiri, wani ya ɗauko ragowar maganin ɗigawa da aka saya a kemis bara. Sati uku, ido na nan yadda yake, ko ma ya fara fari.

Gaskiya ne, yawancin ciwon ido a 'ya'yan kyanwa ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi, kuma magani na warkar da shi. Amma akwai wani nau'in da ba ya jin magani, domin matsalar a fatar ido take. Wani lokaci fatar, musamman ta ƙasa, takan naɗe ta juya ciki. Wani ɗan kyanwar kuma ana haihuwarsa ne da giɓi a fatar idonsa ta sama, ta wajen kunne, sai gashin fuska ya riƙa sauka kai tsaye a kan ƙwayar ido. Ko wanne ne, duk ƙiftawa ɗaya gashi na goge baƙin ido. A hankali wurin ya zama gyambo, gyambo ya zama hakiya, wani lokaci idon ya fashe.

Mutanen karkarar Kano ba baƙi ba ne ga irin wannan azaba. Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwa tana cire gashin idonta da ɗan hantsaki saboda amodari ya san ta. Amodari idan ya daɗe yakan jawo fatar ido ciki, kuma shi ya sa tiyata ce ta farko a cikin matakai huɗu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara don yaƙi da cutar, sannan magani, wanke fuska da tsaftar muhalli. Cire gashin sauƙi ne na ɗan lokaci, zai sake tsirowa. A kyanwa ma haka abin yake.

Aikin ba wani babba ba ne a hannun wanda ya iya. Idan ɗan kyanwar ya yi ƙanƙanta, likita kan yi ɗinki na wucin gadi da zai janye fatar waje, a riƙa shafa man ido mai santsi har ya yi ƙwari. Idan ya girma, sai a sa shi barci, a yanke 'yar siririyar fata a ƙasan idon, a ɗinke, fatar ta koma mazauninta. Mai giɓi a fatar sama ya fi wahala, don sai an ɗauko fata daga kusa an cike wurin, kuma irin wannan sai manyan wurare kamar asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Don dubawa ta farko, asibitin dabbobi na Gwale a cikin birni bai yi wa ɗan Bacirawa nisa ba.

Za a ce, ana fama da kuɗin maganin yara, wa ke ta kyanwa? Magana ce mai nauyi, kuma babu wanda zai ce a hana yaro magani a kai mage asibiti. Sai dai kyanwar gidan manomi ba ta ado ba ce. Ita ke gadin gero da dawa da gyaɗa, kuma ɓera, ban da ɓarnar hatsi, shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa. Makauniyar kyanwa ba ta kama ɓera. Ga kuma hakkin dabbar da mutum ya ɗauko da hannunsa, abin da malamai ke tunatarwa duk lokacin da aka ambaci Abu Huraira.

Akwai ma wani dalili da ya shafi aljihu kai tsaye. Wannan naɗewar fatar ido tana samun 'ya'yan tumaki sabbin haihuwa, kuma ana gadonta daga rago. Ɗan tunkiyar da ba ya gani sosai ba ya shan nono yadda ya kamata, ba ya ƙiba. Jami'in lafiyar dabbobi da aka koya wa gane ta a kyanwa zai gane ta a garke. Ya kamata ma'aikatar da ke kula da dabbobi a jihar ta sa duba ido cikin aikin jami'anta na ƙauye, ba allurar rigakafin shanu kaɗai ba.

Kafin a kai ga likita, abin yi a gida kaɗan ne. A goge kwantsar da auduga da ruwan da aka tafasa ya huce, a ɗan ja fatar idon a wurin haske a duba ko gashi na taɓa ƙwayar. Kada a ɗiga maganin idon mutane ba tare da likita ya gani ba, domin wasunsu na ɗauke da sinadarin da ke ƙara zurfafa gyambo. Kada kuma a ba kyanwa farasitamol don rage mata zafi: ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.