eSIM: Layin da ba a gani da ɗan kasuwar bakin iyaka

Duk mai bin hanyar Maraɗi zuwa Jibiya, ko ta Ƙonni zuwa Illela, ya san abin da ke faruwa da zarar mota ta wuce shingen duwan. Fasinjoji sai su duƙufa kan wayoyinsu, wannan na neman tsinken ciro sim, wancan na warware 'yar takardar da ya naɗe layin Najeriya a ciki. Wanda ya yi mantuwa kuma, kafin ya farga kuɗin da ke kan layinsa sun tafi, don wayar ta kama sabis ɗin ƙetare.

Shi ya sa masu saurarenmu suka yawaita tambayarmu a gidan rediyo game da eSIM, wai an ce ya kawo ƙarshen wannan wahala. To, jama'a, a bi a hankali.

Shi eSIM layi ne da aka gina cikin jikin waya tun daga masana'anta. Ba a saka shi, ba a cire shi. Mutum ya sayi data ta intanet, a aiko masa da wani zane mai ɗigo-ɗigo da ake kira QR, ya haska shi da kyamara, shi ke nan layi ya zauna. Kamfanoni irin su Airalo da Holafly suna sayar da data ta ƙasashe da dama ta wannan hanya, kuma MTN ta fara gwada shi a Najeriya tun 2020.

Ga alhazanmu masu zuwa saro kaya Guangzhou ko Dubai, ko masu tafiya Umara, abin yana da amfani ƙwarai. Mutum zai sauka daga jirgi da data a wayarsa, ba sai ya bi layi da fasfo a hannu ba. A ƙasar Sin ma, inda aka toshe WhatsApp tun 2017, irin wannan layi na baƙi yakan buɗe shi, domin saƙon yana bi ne ta wata ƙasa. Hoton atamfa zai iso wa yaron shago a Damagaram kafin a gama ciniki.

Amma mai kai wake da dabbobi Maigatari ranar Alhamis lissafinsa daban ne. Yawancin wayoyin Itel da Tecno da ke hannunmu ba su ɗaukar eSIM. Mai son tabbatarwa ya danna *#06#. In bai ga wata doguwar lamba mai suna EID ba, kada ya ɓata kuɗinsa. Sannan da dalar Amurka ake biya, ta katin banki, alhali mu da sefa da naira muke kwana muke tashi.

Babbar matsalar kuwa ita ce, galibin waɗannan layuka na matafiya data ce zalla, babu lambar waya. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, ciniki da yawa a kasuwannin iyaka ya koma tura kuɗi ta waya. Lambar sirrin da banki ke aikowa ta saƙo tana zuwa ne kan layin da aka buɗe asusu da shi. Direban da ke ɗauke da buhunanka, da dillalin da ke kara, kiranka za su yi kai tsaye, da yawansu ƙaramar waya ce a aljihunsu. Layin da ba a iya kiransa, me zai tsinana maka ranar kasuwa? A nan ma sai mu ja kunnen masu sayen waya 'yar gwanjo: iPhone da aka yi don kasuwar Amurka, daga samfurin 14 na 2022 zuwa sama, ba ta da ramin sim ko ɗaya. A duba kafin a biya.

A ganinmu, ciwon na manufa ne, kuma hukumomi ne ke riƙe da maganinsa. Idan ba a manta ba, a Disamban 2017 ƙungiyar CEDEAO ta amince da dokar da ta ce ɗan yankin da ya shiga wata ƙasa ya amsa kira kyauta har kwana 30, ya kuma yi kira a farashin 'yan gida. Dokar ta daɗe a takarda. Sai a 2023 Gana da Kwaddibuwa suka fara aiki da ita tsakaninsu, Togo da Benin suka biyo baya. Kafin ta iso gare mu, Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar, ficewar da ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Ƙasashen uku sun sa hannu kan tasu yarjejeniyar soke kuɗin kiran ƙetare a Nuwamban 2024, abin a yaba ne, amma Najeriya ba ta ciki. Wato an sauƙaƙa wa Bamaraɗe waya a Bamako, tafiyar fiye da kilomita 1,000, an bar shi da tsinke a hanyar Katsina da ba ta kai kilomita 100 ba. Mutum nawa ne a cikinmu ke cin kasuwar Bamako?

Mallakar layin Najeriya ma ba kamar da ba ne, tun da aka wajabta haɗa kowane sim da lambar ɗan ƙasa ta NIN daga ƙarshen 2020. Wasu sai su roƙi aboki ko suruki ya yi masu rajista da sunansa. Ranar da layin ya ɓace, ko zumunci ya yi tsami, kuɗin da ke rataye da wannan lamba sai an kai ruwa rana.

Abin da Gana da Kwaddibuwa suka yi, hukumomin sadarwa biyu ne suka zauna suka daidaita farashi. Mu ma muna da ARCEP a Yamai, su suna da NCC a Abuja. Akwai kuma Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijar da Najeriya, wadda aka kafa a 1971, shekara huɗu kafin a haifi CEDEAO, kuma ofishinta na nan Yamai. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Maraɗi da Ƙonni da Katsina sun sha kai kukan yawan shingaye a hanya. Wannan karon su haɗa da maganar waya a takarda ɗaya, su miƙa wa wannan hukuma.