Kafin Ka Saya Wa Injinka Inbata

Da yawa daga injinan sassaƙar ƙarfe da ke shigowa ƙasar nan na hannu ne, kuma motonsu na wuta mai layi uku ne, alhali ƙaramin mai sana'a layi ɗaya gare shi, mai bolt 230. Wannan ne ya sa na'urar sarrafa gudun moto, wadda ake kira inbata (ba irin ta sola ba), ta samu karɓuwa. Tana mayar da layi ɗaya ya zama uku, kuma da murɗa ɗan maɓalli sai a rage gudu ko a ƙara.

Sai dai masu saye kan tsaya ga ƙarfin doki kawai, wanda a ganina bai wadatar ba. Abin dubawa shi ne ɗan allon da ke manne a jikin moto. Amfiyar da na'urar ke bayarwa ta kai wadda aka rubuta a kansa, ko ta ɗara. A duba bolt kuma, domin na'urar da ta sha 230, 230 za ta fitar. Moton da aka rubuta wa 230/400 sai mai aikin wuta ya sauya masa haɗi zuwa delta. Wanda ke neman 400 zalla kuwa ba zai yi ƙarfin kirki ba.

Kada kuma a yi watsi da giya da bel. Idan aka sauke gudu ƙwarai, ƙarfin yanka yana raguwa, fankar bayan moto ta rage juyawa, zafi ya taru har ya ƙone waya. Mai sassaƙar ƙarfe mai kauri ya sa ƙaramar giya, ya bar moto kusa da gudunsa na asali. Ita kuwa na'urar, a adana ta cikin akwati mai shan iska, nesa da ɓarɓashin ƙarfe.