Kwamishinan Ilmin Da Ya Manta Da Iyayen Yara

Jama'a, akwai wata irin makaranta a ƙasar Amurka wadda ba ta Gwamnati ce ɗungum ba, ba kuma ta kuɗi ba. Gwamnati ke biyan kuɗin tafiyar da ita daga baitulmali, yara na karatu kyauta, amma ragamarta tana hannun wata ƙungiya wadda ta sa hannu a kan yarjejeniya, cewa idan yara ba su koyi abin kirki ba za a karɓe izni a rufe. Jihar Minnesota ce ta fara kafa dokar waɗannan makarantun yarjejeniya a 1991. Ba a tilasta wa kowa kai ɗansa. Uba ne ke nema, idan masu nema suka fi gurbi yawa sai a jefa ƙuri'a.

Cikin mutanen da suka yi suna ta wannan hanya akwai John King, wanda aka haifa a birnin New York a 1975. Mahaifiyarsa ta rasu yana shekara 8, mahaifinsa kuma yana 12, ya tashi maraya. Shi da bakinsa ya sha faɗi cewa malaman makarantar Gwamnati ne suka cece shi. Ya yi karatu mai zurfi a jami'o'in Harvard da Columbia da Yale, kuma a 1999 shi da abokan aikinsa suka buɗe makarantar yarjejeniya mai suna Roxbury Prep a Boston, domin 'ya'yan baƙar fata da sauran talakawa. Suka tsawaita lokacin karatu, suka tsananta horo, har yaran da ake ganin ba za su iya ba suka yi zarra a jarrabawar jiha. Masu suka sun ce ana yawan korar yara gida na 'yan kwanaki kan ƙananan laifuffuka, amma duk da haka iyaye ba su daina neman gurbi ba.

Wannan nasara ce ta kai shi ga mulki. A 2009 ya zama babban mataimakin Kwamishinan Ilmi na Jihar New York, a 2010 jihar ta ɗaga adadin makarantun yarjejeniya da doka ta yarda a buɗe daga 200 zuwa 460, a 2011 kuwa aka naɗa shi Kwamishina yana shekara 36, baƙar fata na farko da ya riƙe wannan muƙami. Watau mutumin da ya fara da makaranta ɗaya sai ga shi da amanar yara fiye da miliyan 2.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Kwamishina ya gaggauta shigo da sabon ma'aunin karatu mai tsauri, aka shirya jarrabawa a kansa tun malamai ba su gama sanin kansa ba, aka kuma ɗaura auna ƙwazon malami a kan sakamakon yaransa. Da sakamakon 2013 ya fito, yaran da suka ci jarrabawar Turanci suka sauko daga kashi 55 cikin 100 zuwa 31, na Lissafi daga 65 zuwa 31. Iyaye suka harzuƙa. A watan Oktoba na shekarar, a wani taro a garin Poughkeepsie, suka yi masa ihu, shi kuwa sai ya soke sauran tarurrukan, yana cewa wasu masu wata manufa ne suka mamaye wurin. Daga baya ya sake kiran tarurruka, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A 2014 ƙungiyar malaman jiha ta yanke ƙauna daga shugabancinsa, ƙarshen shekarar ya bar kujerar, a 2015 kuma kimanin kashi 20 cikin 100 na yaran da ya kamata su zauna jarrabawar iyayensu suka hana su.

Ra'ayinmu shi ne, abin da ya ɗaukaka John King a Boston shi ne ya bari a baya sa'ad da ya shiga ofis. Ƙarfin makarantarsa yardar iyaye ne: kowane uba da ƙafarsa ya zo, ya ga tsananin, ya amince. A jiha kuwa babu wanda aka tambaya. Lalle niyyarsa ta ɗaga ɗan talaka ba abin zargi ba ce, kuma ba mu ce tsaurara jarrabawa laifi ne ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma gyaran da aka yi ba da shawarar uba da malami ba, komai kyansa, ba ya daɗewa. Shaida kuwa, a ƙarshen 2015 jihar da kanta ta dakatar da auna malamai da wannan jarrabawa har shekara 4.

Shi dai tauraronsa bai dushe ba. Shugaba Obama ya ba shi Ministan Ilmi na ƙasa a 2016, a 2023 kuma ya zama shugaban jami'o'in Jihar New York. Yara da malaman da aka yi gwaji a kansu su ne suka ɗauki nauyin.

'Yan'uwa mazauna Kurmi, wannan gardama ta wanda zai riƙe makaranta ba baƙuwa ba ce gare mu. A shekarun 1970 Gwamnatocin soja suka karɓe makarantun mishan, a 2001 Jihar Legas ta mayar da wasu ga masu su, Anambra ma ta yi haka a 2011. Ko wace irin shawara aka yanke, 'ya'yanmu na Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan suna cikin waɗanda za ta shafa, alhali sau da yawa ba a ganin fuskokinmu a taron iyaye da malamai. Wanda bai halarci taro ba, ba shi da bakin kuka idan an yi rabo ba da shi. Saboda haka mu bar kasuwa da zango na yini ɗaya mu je mu zauna, kuma duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'armu da alkawarin gyaran ilmi, mu tambaye shi tun da wuri: da wa za ka yi shawara kafin ka taɓa makarantar ɗana? Allah ya ba mu shugabanni masu sauraro, amin.