Cibiyoyin koyon sana'a a Tibiri: wa ke horar da darakta?

Duk shekara in watan Oktoba ya kama aka koma lakkwal, kukan da ake ji daga cibiyoyin koyon sana'a, wato CFM, bai wuce biyu ba: babu kayan aiki, babu malamai isassu. Gaskiya ne. Amma akwai wani mutum da ba a cika zancensa ba, alhali a wuyansa komai ya rataya. Shi ne darakta.

Tibiri ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, bayan an cire ta daga Dogon Dutsi, da ƙananan hukumomi 4: Tibiri, Dumega, Gesheme da Kore Mairuwa. A shekarun da suka biyo baya, manufar gwamnati ita ce kowace ƙaramar hukuma ta samu CFM, kowace gunduma ta samu makarantar fasaha ta CET. An buɗe makarantu da sauri, sai dai ba a ƙera shugaba da sauri haka.

Galibi malamin sana'a ne ake ɗauka a ba shi kujerar. Ya iya walda, ko ɗinki, ko kanikanci, babu gardama. To amma aikin darakta daban ne. Shi zai tsara kasafin kuɗi, ya adana lissafin injuna da ƙarafa da yadi, ya zauna da kwamitin iyaye, ya rubuta takardar neman tallafi zuwa asusun FAFPA, ya zagaya kasuwa yana neman masu shago da za su karɓi yaransa su goge hannu. Wa ya koya mashi wannan duka?

Ga kuma sauyin hukumomi. Tun 2016 doka ta miƙa wa ƙananan hukumomi wani ɓangare na harkar ilimi. A watan Afrilun 2024 aka rushe majalisunsu, aka naɗa kantomomi. Daraktan da bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba, cibiyarsa ce za a manta da ita ranar rabon kasafi.

Abin da ke gabanmu ba ƙarami ba ne, jama'a. A Dallol Mawri ruwa na kusa, aikin lambu na ƙaruwa, injin ban ruwa da farantin hasken rana na neman mai gyara. Darakta mai ido zai karkatar da horo can. In ba haka ba, yaro ya ƙare karatu ya naɗe takardarsa, ya bi hanyar ci-rani zuwa Najeriya ko Kwatano.

Abu uku za su taimaka: a rubuta wa darakta aikinsa dalla-dalla, a horar da shi kan lissafi da jagoranci kafin ya karɓi makulli, sannan a riƙa auna shi da yawan yaran da suka kama sana'a bayan sun fita, ba yawan waɗanda aka rubuta kaɗai ba.

Iyaye ma da nasu rabon. Ranar taron kwamiti, ku je ku tambaya: yaran bara, ina suke yau?